Shekarar da Makaranta ta Hau Bene

Ga waɗanda suke wurin a ranar, don kada wani ya zo daga baya ya ce da shi aka yi. Akwai ni, Hajiya Yalwa, a kan kujerata a bakin ɗakina. Akwai ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ku kuna ce masa Abba. Lokacin yana da shagon robobi a Ƙofar Wambai. Akwai matarsa Ruƙayya, wadda ta yi karatun koyarwa kafin aure. Akwai 'ya'yansu biyu, Nana mai shirin fita firamare da ƙaninta Walid ɗan aji biyu. Akwai Alhaji Sule, ƙanin marigayi maigidana, wanda tunda ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya mayar da gidanmu ofishinsa. Sai Hajiya Uwani, maƙwabciyata ta jikin katanga, wadda ba a gayyata ba, ba a kuma taɓa gayyatarta ko'ina ba, don kafin a aika ta riga ta iso. Ban da waɗannan babu kowa. Goggonku ta Ƙofar Na'isa, da take ba da labarin nan a gidajen biki kamar a cinyarta aka yi, ranar tana can tana jego.

Ni ban yi boko ba, ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba. Nana ce take rubuta wannan, kuma na ce ta riƙa karanto min, duk kalmar da na ji ba tawa ba ce a goge ta. Abu biyu nake so in gyara. Ana cewa ni na cire yaran nan daga makaranta. Ban cire su ba. Ana cewa ni na kusa kashe musu karatu da aike. Wannan ma ba haka ba ne, za ku ji.

Makarantarsu a da nan kusa take, in ka fita daga lungunmu na Kabara ba ka gama gaisawa da mutane ba ka isa. Ana tsakiyar zango na biyu mai ginin ya ce zai rushe ya yi shaguna, sai suka kwashe suka koma can bayan gari, inda sai an wuce gonaki. Aka ɗaukar wa yara ɗan adaidaita. Su fita ido bai gama buɗewa ba, su dawo bayan la'asar fuska duk ƙura, Islamiyya ta riga ta tashi. Nana ta jure, ita dama jinina ce. Walid kuwa cikinsa bai yarda da adaidaita ba. Ya yi amai a tafiya, ya yi a dawowa, har direban ya tanadar masa leda tasa ta kansa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Wata rana na same shi ya yi barci a zaune da lomar tuwo a baki. Makarantun kusa kuma duk suka ce babu gurbi sai sabuwar shekara. Ana cikin haka Ruƙayya ta zo ta durƙusa a gabana.

"Hajiya, mun yi shawara da Abbansu, yara za su riƙa karatu a gida."

"A gidan wa?"

"A nan. Ni zan koyar da su."

"Wane ne hedimasta?"

"Babu hedimasta, Hajiya."

"Wa zai yi duka?"

"Ba a duka."

Na ce to wannan ba makaranta ba ce, hira ce. Sai ta ciro waya ta nuna min wasu mata a ƙasar Turawa, kowacce da 'ya'yanta a kan tebur, ga littattafai, ga fulawa a taga, gida tsit. Na duba da kyau, na sa ta maimaita min. Na ce ina maƙwabtansu? Ta ce ai su maƙwabta ba sa shiga gidan juna sai an yi alƙawari. Na ce Allah sarki, gaba suke yi ke nan. Ta yi dariya. Da ta tsaya ta saurari tambayar nan tawa, da an huta, amma masu ilimi in tsohuwa ta yi magana sai su ce ta iya ban dariya. Na faɗa mata gaskiya ban so ba. Ni da ban samu an kai ni ba, ba abin da yake faranta min rai kamar in ga jinina ya fita neman karatu da safe mutane suna gani. Amma uban yara ya yarda, ya ce a gwada, in an ga ci gaba a bar su har Nana ta zana jarrabawar shiga sakandare, in ba a gani ba su koma adaidaita. Aka share ɗakin marigayi na saman bene, aka shafa baƙin fenti a bango, aka sa benci.

Abin da Ruƙayya ba ta lissafa ba shi ne, a unguwarmu yaron da aka gani a gida da hantsi, to ba shi da lafiya. Ba a kai ga Laraba ba sai ga Hajiya Uwani da jug na kunun tsamiya.

"Sannu Walidi, ya jikin?"

"Lafiyata ƙalau, Hajiya."

"Haka suke cewa. Yalwa, dubi idonsa, shawara ce. Ita ma yarinyar ta kamu?"

Na yi bayani, Ruƙayya ta yi bayani, Uwani ta gyaɗa kai ta ce Allah ya sawwaƙe, ta fita ta sanar. Mata suka riƙa shigowa dubiya bayan magariba, mai lemo, mai ayaba, mai saiwar da za a jiƙa. Walid da ya ga abin da ake kawowa sai ya koyi tari. Da aka ga yara suna tsere a tsakar gida, sai magana ta juya, aka ce korarsu aka yi. Da wannan ba ta zauna ba, aka ce shagon Abbanku ne ya karye. Rannan na tashi na tarar da kwano cike da shinkafa a zaure, an rufe da faifai, ba a ce daga ina ba. Ni kuwa na san kwanon, gefensa a lotse yake tun bikin 'yar Uwani ta biyu. Ba a mayar da kwano haka nan, don haka na sa aka sayo cinyar rago, na soya, na cika shi har murfi ba ya rufuwa, na ba Nana ta kai. Daga ranar maganar karaya ta mutu. Sai dai abin da mutane suka gani a wannan aiken ba naman kaɗai ba ne. Sun ga yarinya lafiyayya, mai ƙafa biyu, tana yawo a lungu da hantsi.

Ku da kuka taso a gidajen da ake kulle get ba za ku gane ba. A cikin gari yaro na kowa ne, duk babban da ya gan shi yana da ikon aikensa, kuma yaron da ya ce a'a an gama da tarbiyyar gidansu. Daga safe zuwa azahar kuwa lungunmu babu yaro ko ɗaya, duk suna makaranta. Matan aure ba sa fita, tsofaffi ga gwiwa. Shekara da shekaru haka ake haƙuri, mai markaɗe ta jira, wadda gawayinta ya ƙare ta jira. Kwatsam sai Allah ya saukar wa unguwa da yara biyu. Mace za ta yi sallama, ta gaishe ni, ta tambayi gwiwata, ta tsaya a gindin bene ta ɗaga murya.

"Ruƙayya, aron Walidi zan yi, yanzu zai dawo."

"Inna, ai karatu suke yi."

"Allah ya yi albarka. Ai ba nisa, nan bakin masallaci ne."

Ruƙayya 'yar mutunci ce, ba za ta iya haɗa ido da sa'ar uwarta ta hana ta yaro ba. Sai Walid ya sauko. Shi kuma aike a lungunmu haihuwa yake yi. Yaro ya fita da robar markaɗe, a gida na gaba a hango shi ta labule a ce tunda ka fito ka biya ka kira mai ruwa, mai ruwa ya ce ka gaya wa gidan Malam ina zuwa, gidan Malam su ba shi kwanon abinci ya kai kasuwa. In ya daɗe sai a tura Nana nemansa, ita ma a kama ta. Ruƙayya ta zauna a sama ita da allo da alli a hannu. Ta rubuta wata takarda da manyan baƙaƙe ta manna a gindin bene, wai lokacin karatu ne, a yi haƙuri. Uwani ta tsaya ta kalle ta ta ce rubutun ya yi kyau, ta tambaya ko na tsari ne, sannan ta kira Nana.

Yanzu maganar da ake ɗora min. An ce ni na fi kowa aikensu. Ni ban taɓa aiken yaran nan ba. In na ce Walid ya sauko ya miƙo min buta, wannan ba aike ba ne, buta tana cikin gida. In na ce Nana ta karɓo min daddawa a gidan Uwani, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Man zafi kuwa magani ne, ba a jira da shi. Kuma jikokina ne, ni na yi wa ubansu wanka. Nana, rubuta yadda na faɗa, ki daina kallona.

Haka aka tafi har zango ya kusa ƙarewa. Walid ya yi ƙiba, wannan kam ba a musu, don duk gidan da ya kai saƙo sai an ba shi tukuici, ƙosai ko alewa. Nana ta san gidan da ake rigima da gidan da ake shirin biki kafin kowa. Sai Alhaji Sule ya ji labari, ya ce ranar Lahadi zai zo ya gwada yaran da kansa, a gaban ubansu, a san matsayi. Ranar ke nan da na lissafa muku mutanenta. Ya zo da babbar riga da tabarau, aka shimfiɗa masa darduma a tsakar gida.

"Matar yaya, an ce kin buɗe jami'a a bene."

"Sule, in gwaji ka zo yi ka yi, in tsokana ce ka bari in gama jan carbi."

Ya fara da Walid. Ya ce bakwai sau takwas nawa ne? Walid ya matso, ya tsuguna a gabansa, ya sunkuyar da kai yadda aka koya masa.

"Wai an ce a gaishe ka da kyau. Wai hamsin da huɗu ne. Wai in bai isa ba a yi haƙuri sai anjima."

"In ji wa?"

"In ji ni."

Kuma bai tashi ba, ya ci gaba da tsuguno da hannu a buɗe a kan gwiwa, yana jiran tukuici. Abbanku ya sunkuyar da kai. Ni ban san ko nawa ne bakwai sau takwas a boko ba, amma na ga fuskar Ruƙayya, na san ba haka ba ne. Aka kira Nana, aka ba ta littafin Turanci. Ta fara karatu, kuma ni dai a kunnena tana tafiya daidai, ba ta tuntuɓe. Tana tsakiya sai ga sallamar Uwani da roba a hannu. Ta gaida Alhaji Sule, ta tambayi iyali, ta ce ashe taro ake, Allah ya sa alheri, sannan ta miƙa wa Nana robar. Yarinyar nan ko numfashi ba ta ja ba, ta kife littafi a kan darduma, ta karɓa, ta zura takalmi. Babu wanda ya tsayar da ita. Tana kaiwa bakin zaure Alhaji Sule ya ɗaga murya.

"Ke Nana, tunda kin fita, ki biya wajen mai caji ki karɓo min wayata."

Sannan ya gyara tabarau, ya juyo ga Abbanku, ya ce shi a gaskiya bai ga karatu a nan ba, yaro bai san lissafi ba, yarinya ko shafi ɗaya ba ta iya kaiwa ƙarshe ba. Uwani, da ta riga ta samu wuri ta zauna, ta ce ita ma dama tana ta faɗa a ranta, yaran nan kullum suna yawo a lungu, yaushe suke karatun? Abbanku mutum ne mai jin maganar manya. Ya ce shi ke nan, gobe Litinin zai kira ɗan adaidaita, su koma.

Walid ya tashi daga tsugunon ya ce, "A adaidaita, Abba?" Aka ce masa e. Bai yi kuka ba, ya dai dafe ciki ya koma bayan randa ya zauna. Ruƙayya ta ce to, ta hau sama. Ina zaune ina jin tana goge allo. Allon nan bai fi faɗin tabarma ba, amma aka yi la'asar tana gogewa, baƙi suka tafi tana gogewa.

Tun rasuwar maigidana ban hau benen nan ba, gwiwa ta hana, zuciya ma ba ta so. Ranar na hau, ina dafa bango ina hutawa. Na same ta a kan bencin yara da tsumma a hannu. Ɗakin fes, ta manna hotunan dabbobi da na ƙasashe, ta jera littattafai a kan akwatin marigayi, har da ɗan tulun ruwa da kofi biyu. Aikin mai niyya ne, ko ban iya karatu ba na san wannan.

"Hajiya, da kin kira ni na sauko."

"In sauko da ke ki bar bango ya huta? Me ya hana ki hana su?"

"Ba zan iya ce wa sa'ar mahaifiyata a'a ba."

"Da kin iya ma da ni zan fara mayar da ke gidanku. Amma ni sa'arsu ce. Wasu ma na girme su."

Na sauko na sa aka kira min Abbanku daga masallaci. Na ce kai, kada ka kira ɗan adaidaitan nan, a ƙara musu lokaci. Ya ce Hajiya, ke ce fa kika fi kowa ƙin abin nan. Na ce na ƙi, har yanzu ina ƙi, amma ban taɓa ganin an kayar da mai jarrabawa tana wajen markaɗe ba, kuma alƙalin da ya kayar da ita wayarsa ta je karɓowa. Ba a gwada makarantar nan ba tukuna. In an gwada ta faɗi, ni da kaina zan riƙe wa Walid leda. Ya ce to. Ɗana bai taɓa ce min a'a ba, shi ma tarbiyyar lungun ce.

Da na idar da magariba na zauna ina tunani. Hana mutane da baki ba zai yi ba, ka hana wannan wancan ya shigo, kuma kowa zai ce an wulaƙanta shi. Sai na tambayi kaina, a duk tsawon zamana a Kabara, wane yaro ne ban taɓa ganin an aika ba? Mara lafiya, sai wanda yake sanye da yunifom da jaka a baya. Wannan ko masifaffen tsoho ya gan shi sai ya ce yi sauri kada ka makara. Na kira Ruƙayya na ce ta fito min da yunifom ɗinsu ta goge.

Yadda jarrabawar Nana ta kasance kun sani, ta ci, tunda ga ta nan tana rubutu tana murguɗa min baki. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da na biya. Akwai gidajen da har Sallah ta zo ta wuce ba su aiko min da tuwo ba. Aka sa min suna Hedimasta, yara suna faɗa a bayana, manya suna faɗa a gabana. Uwani, da muka yi zaman shekaru ba a taɓa jin kanmu ba, ta daɗe tana gaishe ni a tsaye.

Washegarin ranar gwajin nan, Litinin, ina idar da sallar asuba na tashe su. Aka yi wanka, aka karya, aka sa yunifom. Wandon Walid ya ƙi rufuwa a ciki, na sa aka ɗaure da igiyar zane. Na yafa mayafina na sa su a gaba, jaka a baya, muka fita ta zaure daidai lokacin da yaran unguwa suke fita. Muka bi lungu a hankali, muka wuce ƙofar Uwani, muka wuce mai waina, muka wuce gidan Malam, duk wanda muka gamu da shi na ce su gaishe shi da ƙarfi. Mutane suna cewa a'a, an koma ke nan, Allah ya ba da sa'a. Na ce amin. Muka kai bakin titi, muka zagayo ta bayan masallaci, muka dawo ta ɗaya lungun, muka shige gida. Na ce su hau. Suka hau, malamarsu tana jira. Na jawo kujerata na dasa a gindin bene, na zauna na cika hanyar.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga Uwani da robar tattasai.

"Yalwa, ina Walidi?"

"Yana makaranta."

"Yanzu na ga shigowarsa."

"Makarantar ya shiga."

"Ga muryarsa nan ina ji a sama!"

"To kin taɓa zuwa makaranta kin ciro yaro daga aji ya kai miki markaɗe? Ajiye robar, ana tashi da azahar."

Ta kalle ni, ta kalli bene, ta ajiye robar. Ba ta tafi ba. Ta jawo tabarma ta zauna tana fuskantata, ta harɗe hannu. Can an jima bakina ya fara neman goro. Na laluba gefen zanena, babu ko ɓari. Ga mai goro nan a bakin lungu, in Walid ya ruga kafin malamarsa ta juya ya dawo. Na ɗaga kai sama, na buɗe baki, sai na ga idon Uwani a kan leɓena, ko ƙiftawa ba ta yi. Na mayar da shi hamma. Ita kuwa ta kwance bakin zanenta a hankali, ta ciro goro fari ƙal, ta ɓare shi gida biyu, ta kalli ɓari ɗaya, ta kalli ɗayan, ta cinye duka. Haka muka zauna har aka kira azahar.